Katanga biyu a hoton rada: guguwa ta yi sauƙi ne ko faɗi take ƙarawa?

Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon masu ilimin rada su warware mana wani abu game da guguwar Ian, babbar guguwar teku da ta faɗa wa jihar Fulorida ta Amurka. A daren 27 ga Satumba 2022, bayan ta tsallake yammacin Kuba, radar Key West ta nuna zobe biyu: katangar ido ta ciki, wato zoben hadari mafi ƙarfi da ke kewaye da tsakiyar guguwa mai shiru da ake kira ido, sai wata ta waje ta kewaye ta, tsakaninsu fili mai ƙarancin ruwa. A sa'o'in nan ƙarfin iskarta kusan tsayawa ya yi wuri ɗaya. Kafin gari ya waye ta cikin ta narke, ido ya buɗe, iska ta haura kilomita 250 a awa. To idan mai hasashe ya ga zobe na biyu ya fara haɗuwa, me zai gaya wa mutanen gaɓa? Sauƙi ya zo, ko su ƙara ɗaure kaya?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam Malam Habibu. Kafin a je ga zobe na biyu, a fahimci na farko. Iskar da ke shigowa daga nesa a ƙasa-ƙasa tana ƙara gudu ne gwargwadon yadda take matsowa tsakiya. Wadda ke kewayawa da mita 20 a daƙiƙa a nisan kilomita 100, in ta matso kilomita 25 za ta kai mita 80, in ba don gogayya da fuskar teku tana cin nata kason ba. Inda ta kasa ƙara matsowa sai ta miƙe sama, nan ne katangar. Saboda haka abu na farko da ake aunawa a rada shi ne nisan katanga daga tsakiya. Zoben da ke tsukewa awa bayan awa, guguwar ƙarfi take ƙarawa, ko da sanarwa ba ta faɗa ba tukuna.

Zobe na biyu daga layukan ruwan waje yake fitowa. Suna miƙewa, su daina kwanciya a karkace, su haɗe baki su zama da'ira, galibi a nisan da ya ninka na ciki sau biyu ko uku. Da zarar ya rufe, shi ke tare iska mai ɗumi da laima kafin ta isa ciki, kamar mai gonar sama ya datse ruwan lambatu kafin ya gangaro wa na ƙasa. Katangar ciki ta rasa abinci, ga iska mai saukowa daga ta waje tana danne ta, sai ta tsage ta ɓace. Ta wajen kuma ta fara tsukewa.

Masana Sitkowski da Kossin da Rozoff sun bi irin wannan sauyi guda 24 a Atilantika, suka buga sakamakon a 2011. Zango uku suka samu: na ciki yana ci gaba da ƙaruwa lokacin da na waje ke ƙulluwa, sai rauni, sai sake ƙarfi. Matsakaicin tsawon al'amarin kusan awa 36.

Alhaji Ɗanjuma: Dakta, bayaninki ma ya ba ni hujja. Sauƙi ne, kada a ji nauyin faɗa. Wilma ta 2005 matsin iskar tsakiyarta ya faɗi zuwa hektofaskal 882 (ƙarancin matsi alamar ƙarfi ce), da ido mai faɗin kilomita 3.7 kacal, iska kilomita 295 a awa. Da katangar waje ta karɓa sai ta sauko 240. Ƙarfin da iska ke dannawa a bango ba ɗaya-bisa-ɗaya yake bi ba, gudun ake ninkawa da kansa. Ku lissafa 240 bisa 295, ku ninka shi da kansa, za ku ga kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Rufin da zai tashi a 295 yana iya tsayawa a 240. Maria ma a 2017 mataki na 5 take, wato ƙololuwar ma'aunin ƙarfin guguwa, sauyin katanga ne ya sauko da ita na 4 kafin ta taka Yabucoa a tsibirin Puerto Rico.

Dakta Rabi: Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne ga gidan da yake kan hanyar katangar ciki. Gida nawa ne a kan wannan hanyar? Idon Wilma daga kilomita 3.7 ya koma wajen 70. Na Maria ya ninka kusan sau uku, shi ya sa kusan duk tsibirin ya sha katanga maimakon yanki siriri. An rage wa 'yan tsiraru, an ƙara wa jama'a.

Ga gwajin da ya fi tsabta, don wuri ɗaya suka sauka. Charley, 13 ga Agusta 2004, Cayo Costa a gaɓar Fulorida, kilomita 240 a awa. Ian, 28 ga Satumba 2022, Cayo Costa, kilomita 240 a awa. A takarda tagwaye ne. Charley ƙarama ce mai sauri, tekun da ta tunkuɗo bai wuce mita 2 da wani abu ba. Ian ta gama sauya katanga, ta yi faɗi, tana tafiya a hankali, ruwa ya kai mita 3 zuwa 4.5 a Fort Myers Beach. Teku faɗin filin iska da daɗewarta yake ji, ba lambar mataki ba. Katrina ma sauyin da ta yi a 27 ga Agusta 2005 ne ya kusan ninka girmanta. Ta sauka a mataki na 3, amma ruwa ya haura mita 8 a gaɓar Misisifi.

Alhaji Ɗanjuma: Maganar ruwa na karɓa. Amma lokaci ma yana da nasa hukuncin. In gaɓa ta tare guguwar tana tsakiyar zangon rauni, katangu biyu suna rabon iska, ba ɗaya mai cikakken ƙarfi. In kuma saura awa 18 ko 24 a kan ruwa mai zafi, to tsugune ba ta ƙare ba. Amsar Malam Habibu ta dogara da nisan gaɓa.

Injiniya Lawal: Duk kuna magana kamar hoton rada yana nuna abin da ke faruwa a ƙofar gida. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Radar WSR-88D ta Amurka tana harba igiyar rediyo mai tsawon zango na santimita 10, faɗin zarenta, wato siririn layin da take harbawa, kusan digiri 1, kuma mafi ƙanƙancin ɗagawar da aka saba ita ce digiri 0.5. Duniya tana lanƙwasa a ƙarƙashin zaren. A kilomita 50 tsakiyarsa na wajen mita 600 daga ƙasa. A kilomita 100, kilomita 1.5. A 200 ya kai kilomita 4, faɗinsa kuma ya wuce kilomita 3. A 300 yana kusa da kilomita 8.

Abu uku ke biyo baya. Katangar ido ba a tsaye take ƙyam ba, tana jingina waje yayin da take hawa, don haka idon da aka hango daga kilomita 300 zai fi na ƙasa faɗi. Guguwa na matsowa, zaren na yankar ta ƙasa-ƙasa, sai ido ya riƙa "tsukewa" alhali rada ce ta sauya inda take kallo. Haka gudun iska: mafi ƙarfinta a katanga yana wajen mita 500 sama da teku, daga nan tana raguwa da hawa, saboda haka lambobin Dofla, wato gudun iska da rada ke aunawa, za su riƙa hawa da matsowar guguwa ko ba ta ƙara komai ba. Na ukun, filin da ke tsakanin katangu in bai fi kilomita 5 ko 6 ba, zaren mai faɗin kilomita 3 zai shafe shi ya nuna katanga ɗaya mai kauri. Duk wanda zai ce ya ga sauyi, ya fara rubuta tsayin zaren a gefen kowane hoto, ya kwatanta tsayi da tsayi.

Nafisa: Injiniya, don Allah ina da tambaya kan hoton gudun iska. A gefen katanga da ya kamata ya zama ja duka (iska mai nisantar rada), sai a ga tsibirin kore (mai tahowa) a tsakiyarsa, babu sauyi a hankali, launi kawai ya juye. Wata ƙaramar guguwa ce a ciki?

Injiniya Lawal: A'a ƙanwata, ninkewa ce. Rada tana da iyakar gudun da za ta iya karantawa ba tare da ruɗewa ba: tsawon zango sau yawan harbi a daƙiƙa, a raba da 4. Santimita 10 da harbi 1,000 ya ba da mita 25 a daƙiƙa. Abin da ya wuce nan sai ya zagayo ta ɗaya gefen. Iskar mita 40 mai nisantar rada za ta fito a matsayin mita 10 mai tahowa. Ta mita 70 za ta fito 20 mai nisanta, launinta daidai amma lambar ƙarya, kuma wannan ta fi haɗari don ido ba ya tsarguwa da ita.

Za ki ce a ƙara yawan harbi. In an ƙara, nisan da ake gani ba ruɗani ya ragu: gudun haske a raba da ninkin yawan harbi, wato kilomita 150 a harbi 1,000. Amsar da ta dawo daga bayan nan sai ta hau kan ta kusa, shi ne shunayyar da kike gani ta rufe wani yanki. Gyara ɗaya, ɓata ɗaya.

Yadda za ki warware da hannu: nemi layin sifiri, wanda ya taso daga wajen rada ya ratsa tsakiyar ido, don a nan iska ke gilma wa zaren. Daga layin ki bi da'ira ɗaya kina ƙirga. Duk inda lamba ta yi tsalle daga +25 zuwa −25 tsakanin maƙwabta biyu, ki ƙara 50. Kwamfuta na yin haka da kanta, amma tana tuntuɓe inda ido babu ruwa ya yanke mata zaren lissafi. Ƙaramar guguwa ta gaskiya tana da ja da kore kafaɗa da kafaɗa, masu hawa a hankali, kuma ana bin ta hoto bayan hoto tana kewaya katanga.

Dakta Rabi: A ƙara da cewa hoton gudu shi ke yanke hukuncin zobe na biyu, ba hoton ruwa ba. Zoben ruwa kan bayyana ya watse ba tare da ya yi komai ba. Ki ja layi ya ratsa ido a gicciye da zaren rada, ki zana gudu bisa nisa. In tudu ɗaya ne kowane gefe, katanga ɗaya ce, kuma rabin tazarar tudun biyu shi ne nisan iska mafi ƙarfi. In kafaɗa ta fito a waje ta zama tudu na biyu, sauyi ya kankama. Ranar da tudun waje ya kere na ciki, an miƙa mulki, ko da zoben ciki yana nan ana ganinsa.

Malam Isufu: Barkanku. Rada guda tana ganin ɓangare ɗaya ne kawai na iska, mai zuwa ko mai tafiya. Wen-Chau Lee da abokan aikinsa sun fito da hanyar GBVTD a 1999: a zana da'irori kewaye da tsakiya, a fasa gudun da aka gani a kowace da'ira zuwa iskar kewayawa da ta shiga ciki. Tana aiki sosai, da wani salonta aka tantance guguwar Dina da ta wuce tsibirin Réunion a Janairun 2002. Lagonta tsakiya ce. A kuskure tsakiya da kilomita 1 ko 2 a ido mai ƙanƙanta, lissafi zai ƙirƙiro ƙarfi a gefe ɗaya da rauni a ɗaya wanda babu shi a zahiri.

Abin da ya fi ta shi ne radar wutsiyar jirgin P-3 na NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka. Tsawon zangonta wajen santimita 3, tana juyawa a tsaye kewaye da jirgin, zare ɗaya ya karkata gaba da kusan digiri 20, ɗaya baya. Jirgin na tafiya, ɗigon da zaren gaba ya gani ɗazu, na baya zai sake ganinsa daga wata kusurwa, sai a haɗa biyun a sami iska ta gefe. Ta sama da ƙasa kuma sai an cire gudun faɗuwar ɗigo: ruwa mita 5 zuwa 9 a daƙiƙa, dusar ƙanƙara kusan mita 1. A ɓata tsayin da ƙanƙara ke narkewa, wajen kilomita 5, sai a ƙirƙiro iska mai saukowa ta bogi. Taswirar da ake fitarwa tana da tazarar kilomita 2 a kwance, rabin kilomita a tsaye, kuma amincinta na raguwa bayan kamar kilomita 50 daga layin jirgi. Ƙasa da rabin kilomita amsar igiyar teku ce ke cika hoton.

Habibu: To in rada ba ta ganin fuskar teku, lambar da ake sanarwa daga ina take fitowa?

Malam Isufu: Haɗin shaidu ne, Malam. Jiragen WC-130J na sojan saman Amurka da ke tashi daga sansanin Keesler suna ratsa manyan guguwa a matakin hektofaskal 700, kusan kilomita 3. Tun da aka fara jefa na'urori masu GPS a katanga a 1997, aka gano iskar fuskar teku kusan kashi 90 cikin 100 ce ta wadda jirgin ya auna a wannan tsayi. Da wannan ilimin aka sake duba Andrew ta 1992, aka ɗaga ta zuwa mataki na 5 a 2002. Sai na'urar SFMR da ke ƙarƙashin fiffike, tana karanta kumfar da iska ke tayarwa a teku. Ruwan sama mai yawa da wuri mara zurfi suna ruɗa ta. Radar ƙasa ma haka ake mata: in zaren na kilomita 3, a ɗauki kusan kashi 90 a kan teku. A kan tudu, bishiyoyi da gine-gine sun ci fiye da haka. A kuma lura Amurka matsakaicin minti 1 take sanarwa, Japan da Réunion na minti 10, kada a jera lambobinsu layi ɗaya.

Alhaji Ɗanjuma: Ku koma kan siffa. Idon da ya yi kusurwa-kusurwa, murabba'i ko mai gefe biyar, ni a wurina alamar lalacewa ce. Katanga lafiyayya da'ira take.

Dakta Rabi: A nan kam ba mu tare, Alhaji. Kusurwoyin suna fitowa ne saboda juyi ya taru a zobe siriri, cikin ido kuma shiru. Irin wannan zobe ba ya zama lafiya, sai gefensa na ciki ya naɗe ya zama ƙananan guguwowi. Schubert da abokansa sun nuna haka a 1999. Wato sai katanga ta yi kaifi sosai take haifar da su. Isabel tana mataki na 5 ranar 12 ga Satumba 2003 aka ga su jere a idonta. Michael a 2018 radar gaɓar Fulorida ta nuna katangarta tana sauya siffa daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana kuma ƙara ƙarfi har ta sauka da hektofaskal 919. Gaskiyar da ke maganarka ita ce, cakuɗar tana ɗibar juyi daga katanga ta zuba cikin ido, iska mafi ƙarfi na iya sassautawa na ɗan lokaci yayin da matsin tsakiya ke ci gaba da faɗuwa. Amma a ce lalacewa, a'a.

Akwai kuma ido mai siffar ƙwai. Herb ta 1996, radar arewacin Taiwan ta bi shi yana juyawa sau ɗaya a kusan minti 144, a hankali fiye da iskar da ke ɗauke da shi. Tashar awo da ke ƙarƙashin irin wannan katanga za ta ga iska na hawa da sauka, guguwar kuwa ba ta sauya ba.

Malam Isufu: Waɗannan ƙananan guguwowin ba abin wasa ba ne. Ɗaya daga cikinsu ce ta kusan kayar da P-3 a Hugo ranar 15 ga Satumba 1989. Jirgin ya shiga a mita 450 kacal, inji ɗaya ya kama wuta, da ƙyar ya samu ya fita. Shi ya sa ake shiga manyan guguwa ta sama.

Nafisa: Duk wannan guguwa mai ido ce. Wadda ba ta yi ido ba tukuna fa, me rada za ta nuna kafin ta yi tsalle? Guguwowin Patricia da Otis sun ba mutane mamaki da saurin ƙara ƙarfinsu.

Dakta Rabi: Tambayar da ta fi tsada ke nan. Ma'aunin wannan tsalle da ake amfani da shi tun aikin Kaplan da DeMaria na 2003 shi ne ƙarin kilomita 55 a awa cikin awa 24. Patricia a Oktoban 2015 ta ninka wannan fiye da sau uku, ta kai hektofaskal 872.

Abu na farko a duba shi ne tsayuwar guguwar. A fitar da tsakiyar juyi a kilomita 2, a fitar da ta kilomita 6 ko 7, a auna tazara. In saɓanin iska tsakanin sama da ƙasa ya ture kan da kilomita 40 ko 50, ɗumin da gajimare ke saki yana zuba ne a gefe, ba a kan tsakiya ba. Guguwa da yawa sai bayan tsakiyoyin biyu sun hau kan juna suke tashi. Earl ta 2010 misali ce da aka bi da radar jirgi tun daga karkacewa har miƙewa.

Na biyu, inda dogayen gajimare suka tsaya. Rogers da Reasor da Lorsolo sun tara ratsawar jirage da yawa a 2013, suka ga masu ƙara ƙarfi suna da su a cikin da'irar iska mafi ƙarfi, masu zama wuri ɗaya kuma a wajenta. Ɗumin da aka saki a ciki yana maƙalewa, don juyi mai ƙarfi ba ya barin iska ta bazu. Na waje watsewa yake.

Na uku, ko ruwa ya zagayo. A arewacin duniya, tsaya ka fuskanci inda saɓanin iska ya nufa. Gajimare na tsirowa a gabanka ta dama, su girma su zubar da ruwa a gaba ta hagu, iska mai saukowa ta biyo a baya ta hagu. Bayan dama shi ne gefen da ya fi bushewa. Muddin nan a buɗe yake, katanga rabin wata ce. Ranar da amsa mai dBZ 30 zuwa 40 (dBZ ma'aunin ƙarfin amsar da ruwa ke mayar wa rada ne) ta rufe wannan gefen ta daɗe, a shirya.

Injiniya Lawal: Dakta, ina da ja kan dogayen gajimaren nan. An yi ta yayata su tun da radar tauraron TRMM ta kama na Bonnie a 1998 ya kai wajen kilomita 18. Amma radar tauraron faɗin kallonta bai kai kilomita 250 ba, wucewa ɗaya take yi ta tafi, gajimaren kuma bai fi awa ɗaya a raye ba. Radar tauraron GPM da aka harba a 2014 ma haka. Awon jirage ya nuna yawancin iskar da ke hawa ko sauka a guguwa ba ta wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Nauyin aikin yana kan zobe mai matsakaicin ruwa wanda ya rufe, ba kan hasumiya ɗaya mai kyau a hoto ba.

Dakta Rabi: Masana ma sun rabu a kai, Injiniya. Ni dai na fi karkata ga cewa kowanne da lokacinsa: dogayen suna taimakawa wajen miƙar da guguwa da jiƙa gefen da ya bushe, rufaffen zoben kuma shi ke riƙe ƙaruwar. Wanda ya ga hasumiya ɗaya a wajen da'ira ya yi shela, ya yi garaje.

Alhaji Ɗanjuma: Matasa ba su san an taɓa ƙoƙarin ƙirƙirar katanga ta biyu da hannu ba. Shirin Stormfury na Amurka, 1962 zuwa 1983, ana zuba sinadarin azurfa da aidin a gajimaren da ke wajen katanga don su girma su ƙwace mata iska. A Debbie ta Agustan 1969 iska ta ragu da kusan kashi 30 bayan zubawa, aka yi murna. Sai Willoughby da abokansa suka nuna a 1982 cewa guguwowin da ba wanda ya taɓa suna yin wannan sauyi da kansu, awo kuma ya nuna ruwan da ya yi sanyi bai daskare ba, wanda sinadarin ke buƙata, kaɗan ne a cikinsu. Shirin ya mutu, jiragen P-3 da aka saya dominsa suka rage, su ne har yau. A 2005 shirin bincike na RAINEX ya shiga filin tsakanin katangun Rita da jirgi mai radar ELDORA, ya tarar iskar wurin busasshiya ce mai saukowa, irin ta cikin ido. Ido sabo ke ginuwa tun tsohon bai mutu ba.

Nafisa: Baba, mu nan da ba ta zuwa mana, ina ruwanmu da ita?

Malam Isufu: Daga kanmu take tashi. Igiyoyin iskar gabas da ke ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da damina, duk kwana 3 zuwa 5, a tsayin kilomita 3 zuwa 4, su ne ke tsara hadarin da ke taso mana daga gabas da ƙura a gaba. In sun fita teku ta wajen Senegal da Gini, wasu su zama guguwa a yankin tsibiran Cape Verde. Mafi yawan manyan guguwowin Atilantika daga nan asalinsu yake, Hugo da Andrew da Isabel duka. A 2006, cikin shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma, an kafa radar Dofla ta jami'ar MIT a Yamai don bin waɗannan layukan hadari. Tekun Gini kuwa ya yi kusa da tsakiyar duniya. Ƙasa da digiri 5 daga wannan tsakiya juyin duniya bai isa ya murɗa iska ta zama guguwa ba, igiyoyin kuma yamma suke nufa.

A yammacin Fasifik Amurka ta daina aika jiragen leƙe na yau da kullum tun 1987, kudu maso yammacin tekun Indiya ma babu irinsu. Can dogaro na kan hanyar Dvorak ta hoton gajimare, wadda rufin ƙanƙarar sama ke ɓoye mata zobe biyu. Sai hoton tauraro na gigahaz 85 zuwa 91 ke leƙa ƙarƙashin rufin, ko guguwa ta shigo hannun radar wani tsibiri.

Injiniya Lawal: Abu biyu ga mai karanta hotunan ƙarshe kafin sauka. Na ɗaya, dusashewar gefen katanga na nesa. Radar santimita 10 ruwa ba ya cin ƙarfinta sosai, amma ta santimita 5 da ta 3, zaren yana raunana bayan ya ratsa katangar kusa, sai ta nesa ta fito kamar ta tsage. In ruwa ya jiƙe murfin radar kanta, duk hoton ke dusashewa lokaci ɗaya, ta kowane gefe. Guguwa ba ta raunana haka cikin minti 5. A duba hoton gudu, shi bai damu da raunin amsa ba muddin akwai abin karantawa. Radar ma tana iya tafiya gaba ɗaya: Andrew ta cire ta Mayami daga kan rufi a 1992, Maria ta farfasa ta Cayey a Puerto Rico, Laura ta rusa ta Lake Charles a 27 ga Agusta 2020. Tun da wuri a san wace rada ce ta biyu, kuma a wane tsayi za ta yanki katangar.

Na biyu, yawan ruwa. Ɗigon guguwar teku ƙanana ne masu yawa, rada kuma manyan ɗigo take fifitawa. Da lissafin da aka saba, Z = 300R^1.4 (Z ƙarfin amsa, R yawan ruwa a awa), dBZ 40 na ba da milimita 12 a awa. Da na yankin zafi, Z = 250R^1.2, dBZ 40 ɗin nan milimita 22 ne. In ba a sauya lissafi ba an zubar da kusan rabin ruwan. Tun 2013 radojin Amurka suna harbi a kwance da a tsaye, ma'aunin KDP, wanda ake samu daga kwatanta harbin biyu, ya rage wannan matsalar don yawan ruwan da zaren ya ratsa yake bi. Shi wannan harbi biyun ne kuma ke bambance ruwa da abin da ba ruwa ba: tabon da ke cikin ido mai amsa amma daidaiton harbin biyu ya faɗi ƙasa sosai, tsuntsaye ne da ƙwari da katanga ta kulle. A cire su kafin a nemi tsakiya, don gudunsu ba na iska ba ne.